Tsara Dawwamammen Maganaɗisu Domin Na'urar Hoton Ƙwaƙwalwa Mai Sauƙin Kuɗi: Duba Daga Ƙasar Gaya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake tsara maganaɗisun da ba ya buƙatar wutar lantarki, domin ƙera ƙaramar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki wadda aka fi sani da MRI. An ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, a matsayin ma'aunin da za a gwada tsare-tsaren da masana suka fito da su a Holan da Amurka da Hong Kong da Uganda. Maƙalar ta nuna cewa daidaiton maganaɗisu da juriyarsa ga sauyin zafi sun fi ƙarfinsa wuyar samu, kuma su ne za su yanke hukuncin ko irin wannan na'ura za ta yi aiki a asibitin karkara. An kuma ba da shawarar wasu keɓaɓɓun kalmomin Hausa da za a iya tattauna batun da su.

1.0 Gabatarwa

Akwai daɗaɗɗiyar ruwaya a bakin Kanawa da ke cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya ya sauka a gindin Dutsen Dala domin neman tama, kuma zuriyarsa ce ake kira Abagayawa. Ko ruwayar ta inganta ko ba ta inganta ba, masu binciken kufai sun gano alamun narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na bakwai Miladiyya. A yau ma mutumin Gaya ko na Ajingi yakan kama hanyar Wudil ya nufi birni saboda wani ƙarfe, sai dai wannan karon ƙarfen wani ƙaton maganaɗisu ne da ke girke a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Idan likita ya buƙaci hoton ƙwaƙwalwar jaririn da kansa yake ta girma fiye da ƙima, ko na dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, to tafiyar sama da kilomita sittin ta kama iyalinsa, ga kuɗin mota, ga kuɗin hoto, ga jiran layi. Da yawa ba sa zuwa.

Ƙarancin na'urar ya game yankin gaba ɗaya. Wani bincike da Godwin Ogbole na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2018 ya ƙidaya na'urori 84 kacal a Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Nijeriya. Wato ko na'ura ɗaya ba ta kai ga mutum miliyan uku ba, alhali a Japan kowane mutum miliyan ɗaya yana da sama da na'ura hamsin. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: wane irin maganaɗisu ne zai iya barin birni ya zauna a asibiti irin na Gaya, kuma me mai tsara shi zai kiyaye?

2.0 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Hausa tana da sunaye biyu na wannan ƙarfe. Akwai maganaɗisu, wadda aka aro daga Larabci, akwai kuma mayen ƙarfe, wadda ta fi fito da yadda Bahaushe ya fahimci abin, wato mai kama ɗan'uwansa daga nesa ba tare da an ga hannunsa ba. A nan an zaɓi ta farko. Dawwamammen maganaɗisu shi ne wanda jansa yake tare da shi dare da rana, kamar wanda ake samu a bayan lasifikar rediyo. Maganaɗisun lantarki kuwa naɗin waya ne da ba ya ja sai wuta tana bi ta cikinsa.

Sararin da jan maganaɗisu yake aiki a cikinsa, wasu masu fassara suna kiran sa fili. Kalmar hurumi ta fi dacewa, domin ta ƙunshi wuri da iko a lokaci guda, kamar yadda ake cewa abu kaza ba ya cikin hurumin wane. Ana auna ƙarfin hurumi da tesla, kuma militesla dubu ne suke yin tesla ɗaya. Sai kalmar daidaito, wadda ake nufin ƙarfin hurumi ya zama ɗaya a ko'ina cikin sararin da za a sa kan majiyyaci. Gyaran da ake yi da ƙananan maganaɗisai domin cike giɓin daidaito kuwa, an kira shi ciko.

3.0 Yadda Maganaɗisu Yake Samar da Hoto

Fiye da rabin jikin ɗan Adam ruwa ne, kuma kowace ƙwayar ruwa tana ɗauke da ƙwayoyin haidirojin biyu. A tsakiyar kowane haidirojin akwai furoton, wanda shi kansa ɗan mitsitsin maganaɗisu ne. Idan aka shigar da jiki cikin hurumi mai ƙarfi, furoton ɗin sukan riƙa layi suna zagaye kamar katantanwar da yaro ya murza. Saurin wannan zagaye ya dogara ne kacokan a kan ƙarfin hurumin: sau miliyan 42.58 a daƙiƙa ga kowace tesla ɗaya. Idan aka aika musu da igiyar rediyo mai irin wannan sauri daidai, sai su karkata, in aka ɗauke ta kuma sai su dawo suna fitar da wata 'yar amsa wadda naɗin waya da ke kewaye da kai yake kamawa. Ruwa da kitse da naman ƙwaƙwalwa kowanne da irin jinkirin dawowarsa, kuma wannan bambanci ne yake zama fari da baƙi a hoto.

Saura sanin daga ina kowace amsa ta fito. Dabarar da Paul Lauterbur ya wallafa a 1973, wadda Peter Mansfield ya faɗaɗa har suka raba kyautar Nobel a 2003, ita ce a karkatar da ƙarfin hurumi da gangan, ya ɗan fi yawa a dama, ya ɗan ragu a hagu. Ta haka saurin amsar kowane furoton zai nuna mazauninsa. A nan ne muhimmancin daidaito ya fito fili. Idan tun asali hurumin yana da tudu da kwari waɗanda ba a san da su ba, kwamfuta za ta ajiye amsar a inda ba nan ta fito ba, hoton ya fito a murɗe.

Manyan na'urorin asibiti suna aiki ne da tesla 1.5 ko 3. Ana samun wannan ƙarfi da naɗin wata waya ta musamman wadda turjiyarta ga lantarki take ɓacewa idan aka sanyaya ta zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, a cikin ruwan iskar hiliyam da yakan kai lita 1,500 ko fiye. Hiliyam daga ƙasashe ƙalilan yake fitowa, irin su Amurka da Ƙatar da Aljeriya, kuma injin da ke riƙe sanyin ba ya son a ɗauke masa wuta. Na'urar tana da nauyin tan da yawa, tana buƙatar ɗakin da aka lulluɓe da jan ƙarfe, kuma ana yawan ƙiyasta farashinta da dala miliyan ɗaya ga kowace tesla. Duk wanda ya san yanayin wutar lantarki a ƙananan hukumomin Kano ya san wannan ba kayan Gaya ba ne.

4.0 Abin da Ake Samu da Abin da Ake Rasawa Idan Aka Rage Ƙarfi

Ƙananan na'urorin da ake magana a kansu suna aiki ne tsakanin militesla 50 zuwa 80. Militesla 50 kashi ɗaya ne cikin talatin na tesla 1.5, amma duk da haka ya ninka hurumin ƙasa, wanda yake juya allurar kamfas, fiye da sau dubu. Dawwamammen maganaɗisu yana iya ba da wannan ba tare da hiliyam ko wuta ba.

Hasarar a fili take. Furoton ba duka suke bin umarnin hurumi ba, rinjaye ne ɗan kaɗan. A tesla 1.5 rinjayen bai wuce biyar cikin miliyan ba, a militesla 50 kuwa kusan ɗaya ne cikin miliyan shida. Ke nan amsar tana da rauni ƙwarai, dole a maimaita awo sau da yawa, kuma ɗigon hoto yakan zama milimita biyu zuwa biyar maimakon milimita ɗaya ko ƙasa da haka.

Sai dai akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba. Babbar na'ura tana buƙatar daidaiton da kuskurensa bai wuce 'yan kaso cikin miliyan ba, domin furoton suna zagaye sau miliyan 64 a daƙiƙa, ƙaramin kuskure yana zama babba. A militesla 50 zagayen sau miliyan 2.1 ne kawai, saboda haka kuskuren kashi dubu cikin miliyan ba zai wuce bambancin zagaye 2,100 a daƙiƙa ba, abin da za a iya rinjaya da karkatarwar da ake yi da gangan, sannan a gyara ragowar da lissafin kwamfuta. Wannan rangwame shi ne ya buɗe ƙofar ƙera maganaɗisun hoto da hannu a ɗakin gwaji na jami'a.

5.0 Tsari Biyu

Tsari na farko shi ne na faifai biyu. Ana ɗora faifan maganaɗisu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, a haɗa su ta baya da ƙaton baƙin ƙarfe wanda yake mayar da hurumin gida, majiyyaci kuma ya sa kansa a tsakani. Irin wannan ne na'urar Swoop ta kamfanin Hyperfine, mai militesla 64, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2020. Ana tura ta a kan tayoyi zuwa bakin gadon majiyyaci, ana kuma jona ta a soket na bango. An yi aiki da ita a asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi. Amfanin wannan tsari shi ne baƙin ƙarfen yana taimakawa wajen shimfiɗa hurumi. Aibinsa nauyi, domin na'urar ta haura kilo 600.

Tsari na biyu shi ne jerin Halbach, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. John Mallinson ne ya fara lura a 1973 cewa idan aka jera maganaɗisai ana juya fuskar kowanne kaɗan-kaɗan, jansu yakan taru a gefe ɗaya ya kusa ɓacewa a ɗaya gefen. Klaus Halbach na ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Amurka ya mayar da wannan zobe a wajen 1980, domin sarrafa ƙwayoyin zarra a injinan binciken kimiyya. Ƙa'idar ita ce: idan aka matsa a jikin zobe da wani adadin digiri, sai a juya fuskar maganaɗisun da ninki biyu na wannan adadi. Alal misali, a zobe mai maganaɗisu 16, tsakanin kowanne da maƙwabcinsa digiri 22.5 ne, don haka kowanne zai juya da digiri 45 fiye da na bayansa. Kafin a kammala zagaye ɗaya na zoben, fuskar maganaɗisan ta yi zagaye biyu. Sakamakon shi ne hurumi miƙaƙƙe da ya ratsa cikin zoben daga gefe zuwa gefe, a waje kuma jan ya raunana sosai. Ba a buƙatar baƙin ƙarfe ko kaɗan. Idan aka jera irin waɗannan zobba a bayan juna, sai a sami wani abu mai kama da ganga marar marfi, wadda kan mutum zai shiga.

Abin da ya sa wannan ya yiwu da ƙaramin nauyi shi ne haɗin niyodimiyam da baƙin ƙarfe da boron, wanda Masato Sagawa a Japan da John Croat a Amurka suka gano, kowanne a nasa ɓangaren, a farkon shekarun 1980. Har yanzu babu dawwamammen maganaɗisun kasuwa da ya fi shi ƙarfi.

A Cibiyar Lafiya ta Jami'ar Leiden da ke Holan, Andrew Webb da Thomas O'Reilly sun wallafa a 2019 bayanin wata ganga mai faɗin baki santimita 27, wadda aka haɗa da ƙananan maganaɗisai kusan dubu uku, kowanne mai kusurwa huɗu kamar sukarin ƙwaya, milimita 12 ta kowace fuska, a cikin zobba 23. Ƙarfinta militesla 50, nauyinta kimanin kilo 75, wato bai kai buhun masara ba. Zaɓen ƙananan ƙwayoyi maimakon manyan gunduwoyi yana da hikima biyu. Ana samun su da araha a kasuwa, sannan mutum yana iya riƙe ɗaya da yatsu ya cusa a gurbinsa, alhali manyan gunduwoyi biyu idan suka fizgi juna suna iya murƙushe hannu. A Babban Asibitin Massachusetts kuwa, Clarissa Cooley da Lawrence Wald sun bi wata hanya: sun ƙera ganga mai militesla 80 wadda aka gina karkatar hurumi a jikinta tun asali, domin a rage naɗin waya ɗaya da wutar da yake ci.

6.0 Neman Daidaito

A lissafi, jerin Halbach yana ba da cikakken daidaito ne kawai idan gangar ba ta da iyakar tsawo. Gangar gaske kuwa gajera ce, tilas ma ta zama gajera, domin kafaɗun majiyyaci ba za su shiga ba, kuma dole tsakiyar ƙwaƙwalwa ta kai tsakiyar gangar. Saboda haka hurumi yakan yi ƙarfi a tsakiya ya zube a bakuna biyu. Maganin da aka samu a Leiden shi ne a bambanta faɗin zobban, wasu su tsuke, wasu su buɗe. Da yake yawan hanyoyin da za a iya jera zobba 23 masu faɗi daban-daban ya wuce a gwada su ɗaya bayan ɗaya, sai aka bar wa kwamfuta ta yi zaɓe irin na manomi mai ware iri: ta gwada tsare-tsare masu yawa, ta ɗebi waɗanda suka fi kyau ta gauraya su, ta sake gwadawa, har a kai ga wanda ba a samun ci gaba a bayansa.

Wannan duk a allon kwamfuta ne. Idan aka zo haɗawa sai wata matsala ta ɓullo, domin ƙwayoyin da masana'anta ta turo ba su zama ɗaya ba. Wata ta ɗara wata ƙarfi da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, wata kuma fuskar janta ta ɗan goce daga inda ya kamata. Gurbin da aka yanka wa kowace ƙwaya shi ma yana iya gocewa da ɗan abin da ido ba ya gani. Kuskure dubu uku ƙanana idan suka haɗu sukan ɓata abin da aka lissafa. Don haka bayan an gama haɗawa sai a shigar da ma'auni cikin gangar, a auna ƙarfin hurumi a ɗaruruwan wurare, a zana taswirarsa, sannan a lissafa inda za a liƙa ƙananan ƙwayoyin ciko. Da haka gangar Leiden ta sauko zuwa kuskuren kimanin 2,400 cikin miliyan a sarari mai faɗin santimita 20, wanda ya isa a ɗauki hoton kai.

Darasin da ke nan ga duk jami'ar da ke sha'awar wannan aiki shi ne, sayen maganaɗisai shi ne mafi sauƙin mataki. Kayan awo da haƙurin awo su ne jarin gaske, kuma nan ne ya kamata kasafin bincike ya fi nauyi.

7.0 Zafin Gaya

Akasarin waɗannan ganguna an tsara su ne a ɗakunan gwaji masu sanyi daidai wa daida duk shekara. Maganaɗisun niyodimiyam kuwa yana rasa kimanin kashi 0.12 cikin ɗari na ƙarfinsa duk lokacin da zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, ya kuma dawo da shi idan ya huce. Adadin kamar bai taka kara ya karya ba, amma a militesla 50 yana nufin saurin zagayen furoton zai sauya da kusan 2,500 a daƙiƙa. Wato digiri biyu kacal sun isa su gusar da hurumin gaba ɗaya da gwargwadon duk kuskuren da aka sha wahalar ragewa da ciko.

A ƙasar Kano zafin rana a watan Afrilu yakan kai digiri 40, daren hunturu kuma yakan sauko ƙasa da 15. A ɗaki mai rufin kwano marar silin, bambancin safiya da azahar kaɗai yana iya wuce digiri goma. Idan dukkan gangar ta ɗumama tare, abin da sauƙi, domin na'ura tana iya sake nemo saurin zagayen kafin kowane hoto, kamar mai murɗa rediyo yana bin tasha. Matsalar ta fi tsanani idan gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi, misali gefen da ke fuskantar taga ta yamma, ko kuma idan naɗin wayar cikin gangar ya ɗumama ƙwayoyin da ke kusa da shi ana tsakiyar ɗaukar hoto. A wannan hali siffar hurumin ce take sauyawa, taswirar da aka yi ciko da ita kuma ta daina aiki.

Mafita uku ake da su. Ta farko a sauya ƙarfen. Haɗin samariyam da kobal yana rasa kimanin kashi 0.03 ne kawai ga kowane digiri, wato rubu'in na niyodimiyam, kuma da shi ƙungiyar Ed Wu ta Jami'ar Hong Kong ta ƙera na'urarta mai militesla 55 da ta wallafa a 2021. Sai dai ya fi tsada, bai kai niyodimiyam ƙarfi ba, ga saurin fashewa. Ta biyu a naɗe gangar da abin da ke hana zafi ratsawa, a kuma riƙe ta a zafi guda wanda ya ɗan ɗara na ɗaki, domin ɗumama abu ya fi sanyaya shi sauƙi da arahar wuta. Ta uku, wadda masu tsarawa a Turai ba lallai ta zo musu a rai ba, ita ce a duba ɗakin kansa. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yana jinkirta shigar zafin rana da fitarsa, kamar yadda duk wanda ya taɓa wuni a tsohon zaure ya sani. Bugu da ƙari ba shi da rodi a jikinsa, alhali rodin ginin siminti da ƙofar ƙarfe da gadon asibiti duk suna jan hurumi su karkatar da shi idan suka yi kusa. Ba ana cewa a mayar da asibiti ginin ƙasa ba ne. Ana cewa ne ɗaki ɗaya da aka gina bisa wannan tsohuwar fasaha yana iya rage wa na'urar sanyaya ɗaki aiki mai yawa, kuma abu ne da ya cancanci a gwada a auna.

Akwai wasu abubuwa biyu na yanayi. Niyodimiyam na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa har abada idan zafinsa ya kai wajen digiri 80, don haka barin kayan a rufaffiyar kwantena a rana ganganci ne. Yana kuma tsatsa da wuri idan rufin nikel da ke jikinsa ya ƙwarzane, abin da laimar damina za ta gaggauta.

8.0 Hayaniya da Wuta

Zagaye miliyan 2.1 a daƙiƙa yana dab da saman matsakaicin zangon rediyo. Duk wanda ya taɓa sauraren wannan zango kusa da janareta ya san irin ƙarar da yake kwasowa. Injin bayar da wuta, da inbata ta sola, da cajar waya marar kyau, duk suna watsa hayaniyar da ta fi amsar furoton ƙarfi nesa ba kusa ba, jikin majiyyaci kuma yana zama kamar eriya ya kwaso ta ya shigar cikin ganga. Babbar na'ura tana fakewa a ɗakin jan ƙarfe. Ƙananan kuwa ana lulluɓe gangar da majiyyacin da ƙyalle mai ɗaukar lantarki wanda aka haɗa da ƙasa, ko kuma a bi hanyar Hong Kong, inda aka kafa ƙananan eriyoyi a kewayen na'urar suna sauraren hayaniyar ɗaki, kwamfuta kuma tana cire ta daga abin da aka kama. A 2024 wannan ƙungiya ta wallafa bayanin na'ura mai militesla 50 da ke ɗaukar hoton dukkan jiki da wuta wat 1,800, ba tare da ɗakin kariya ba. Wannan adadi ne da faifan sola da batura za su iya ɗauka, muddin an zaɓi inbatar da ba za ta zama ita ce babbar mai hayaniya a ɗakin ba.

9.0 Wa Zai Amfana, Wa Zai Ƙera

Cutar da ta fi tura masana ga wannan aiki ita ce taruwar ruwa a ƙwaƙwalwar jarirai, wadda a Afirka sau da yawa takan biyo bayan kamuwa da ƙwayoyin cuta a farkon rayuwa. Wannan ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin tana cikin yankin da sanƙarau yake yawaita, kuma ba a manta da annobar 1996 a Kano ba. Muddin maɗigar jariri ba ta rufe ba, ana iya leƙa ƙwaƙwalwarsa da na'urar sikanin irin ta masu juna biyu. Bayan ta rufe, a wajen wata goma sha takwas, sai dai hoton CT, wanda yake amfani da hasken da maimaita shi ga yaro yake da haɗari, ko kuma MRI. Da yake ruwa da naman ƙwaƙwalwa sun bambanta sosai a hoto, kuma abin da likita yake son gani babba ne, ƙaramar na'ura ta wadatar a nan. Tana kuma iya nuna babban zubar jini ko babban ƙari. Ƙananan tabo, irin waɗanda sikila take bari a ƙwaƙwalwar yara ba tare da alama ba, suna iya kuɓuce mata, don haka ba ta maye gurbin ta birni. Aikinta shi ne ta tantance wa ya kamata a ɗora a mota zuwa Kano yau, wa zai iya jira.

Misalin da ya fi kusa da Gaya yana Uganda. A Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Mbarara, Johnes Obungoloch da abokan aikinsa na Leiden sun haɗa irin wannan na'ura daga sassanta a 2022, cikin kimanin kwana goma sha ɗaya, tare da ɗaliban da ba su taɓa yin aikin ba. Mbarara ba babban birnin ƙasa ba ne. Tsakanin Gaya da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil kuwa tafiya ce ta ƙasa da awa ɗaya, ga kuma Jami'ar Bayero a birni.

Wani abin lura shi ne, baƙin ƙarfen da aka san maƙeran Gaya da shi, shi ne abin da ba a yarda ya kusanci gangar Halbach ba. Zobban da ke riƙe ƙwayoyin na roba mai tauri ne da inji yake yankawa bisa umarnin kwamfuta, sandunan da ke ɗaure su kuma na tagulla. Ko garin ƙarfen da ke tashi a wurin walda, idan ya manne a jikin maganaɗisu, fitar da shi aiki ne. Sana'ar da ta fi kusa da abin da ake buƙata ita ce ta masu naɗin wayar fanka da injin ban ruwa, waɗanda hannunsu ya saba da ƙirga zagayen waya ba kuskure, domin naɗe-naɗen da ke karkatar da hurumi da wanda ke kama amsa duk da wayar jan ƙarfe ake yin su.

Ƙwayoyin maganaɗisun ne ba za a samu a gida ba. Ƙasar Sin ce take samar da mafi rinjayen maganaɗisun niyodimiyam na duniya, kuma a watan Afrilun 2025 ta sanya sharaɗin neman izini kafin fitar da wasu ma'adanai bakwai na wannan dangi, ciki har da samariyam, abin da ya shafi zaɓin farko da aka ambata a kan matsalar zafi. A cikin tarkacen haƙar kuza na Filato akwai yashin monazait mai ɗauke da niyodimiyam, amma tace shi aiki ne na manyan masana'antu, ga shi kuma yana tafe da toriyam mai fitar da haske mai cutarwa. Abin da ke hannu a yanzu ya fi wannan ƙanƙanta: a rataya ma'aunin zafi mai ajiye bayani a ɗakuna biyu ko uku na Babban Asibitin Gaya da wata cibiyar lafiya a Ajingi har tsawon shekara guda, daga hunturu zuwa bazara zuwa damina, a kuma auna hayaniyar lantarki a wajen zagaye miliyan biyu a daƙiƙa, lokacin da janareta yake aiki da lokacin da yake kashe. Da waɗannan alƙaluma ne mai tsara ganga zai san ko niyodimiyam da rufi zai wadatar, ko sai an nemi samariyam.